Amsoshin Tambayoyinku: Kafinta da Katakon da Suka Dace da Cikin Bas

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan abu ɗaya: mutum ya sayi tsohuwar bas, ya cire kujeru, yana so ya mayar da cikinta shago ko ɗaki. Na zaɓi biyar daga ciki.

Ta farko daga Kano ta zo. Mai ita ya ce yana cin kasuwannin ƙauye da atamfa da shadda, ya sayi tsohuwar Coaster, yana son a yi masa kantoci da ɗan gadon da zai riƙa miƙe baya a kai. Kafintan da ya yi wa ƙanwarsa kayan ɗaki ya ce zai iya. Yana tambaya ko ya ba shi.

Alhaji, kada ka ba shi tukuna. Iya gadon amarya daban, iya aikin cikin mota daban. Kabad ɗin ɗaki inda aka ajiye shi nan zai zauna shekara ashirin, nauyinsa ma shi ke riƙe shi. Na cikin mota kuwa kullum cikin jijjiga yake, bodin motar yana murɗawa a kowane rami, rana tana gasa shi da tsakar rana, sanyin asuba ya sauko masa. Ƙusa zalla ba ta jure wannan, a hankali take zamewa har haɗin ya buɗe. Sai an haɗa da gam da sukuru, a kuma ɗaure kabad ɗin da bol da noti a jikin ƙarafan da ke tsaye cikin bangon motar, ba a jikin falle-fallen kwanon bodi ba.

Ka kai kafintan cikin motar, ka yi shiru, ka ga abin da zai yi. In ya zaro tef ya auna tsawo da faɗi ya ce an gama, ka yi masa godiya ka sallame shi. Bangon Coaster ba a miƙe yake ba, yana lanƙwasa ne yayin da ya doshi rufi, ga kuma tudun taya a ƙasa. Wanda ya san aikin zai nemi kwali ya yanka shi daidai da lanƙwasar bangon, da wannan kwalin zai fitar da katakonsa. Zai tambaye ka nauyin kayan da za ka ɗora. Zai leƙa ƙarƙashin motar kafin ya huda daɓenta, don akwai tankin mai da bututun birki da wayoyi a wurin. Irin wannan mutumin sau da yawa ba a shagon kayan ɗaki ake samunsa ba, sai ka tambayi masu haɗa bodin katako na manyan motoci da masu gyaran bodi, su suka san yadda katako yake zama a jikin ƙarfe. Ka sa shi ya yi maka kanta ɗaya tak, ka loda mata kaya ka je kasuwa biyu ko uku ka dawo. In ba ta yi ƙara ba, ƙofarta ba ta buɗe a kwana ba, sai ku yi cinikin sauran. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin katakon kashin farko, kuma ku rubuta a takarda: sunan katako, kaurinsa, ranar gamawa.

Wani daga Abuja ya ce kuɗi ba matsalarsa ba ne, yana son a lulluɓe cikin Hiace ɗinsa da iroko gaba ɗaya, ƙasa kuma a sa tayil.

Malam, wannan ba tambayar wanda ya zauna ya yi tunani ba ce. Iroko ya kusa ninka obece nauyi, tayil kuma zai tsattsage kafin ka isa Lokoja. Ka duba ɗan ƙarfen da kamfani ya liƙa a jikin motarka, akwai iyakar nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka. Duk kilon da ka ba wa ado, daga birki da taya da mai ka cire shi. Ka sa iroko a gefen tebur da bakin ƙofa inda hannu ke yawan taɓawa, ƙasa a shimfiɗa leda mai kauri, shi ke nan.

Wasiƙa ta uku ita ta fi taɓa ni. Wata baiwar Allah ce daga Kaduna, mijinta ya rasu, ta haɗa kuɗin gado da na adashi ta sayi ƙaramar bas don sayar da abinci. An yi mata kabad-kabad a ƙarshen damina, aka ce mata madaci ne. Hunturu na shigowa ƙofofin suka karkace, teburin ya tsage, kuma inda ya tsage cikin katakon fari ne. Ta ce ta kasa barci, tana ganin kamar ita ce ta yi wauta.

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya albarkaci abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki, ba wauta kika yi ba, kuma ba dukan kuɗinki ne suka salwanta ba. Abu biyu aka yi miki. An ba ki ɗanyen katako, sannan an shafa wa farin katako launi an kira shi madaci. Madaci ja ne har cikin zuciyarsa, duk inda aka yanka haka yake. Ki bar kabad ɗin su gama bushewa zuwa ƙarshen hunturu, domin in aka gyara yanzu za su ƙara motsi. Bayan nan a sake ƙofofin da saman teburin kawai, ginshiƙan ciki galibi ana iya ƙara musu sukuru su zauna. Ki koma wurin kafintan tare da wani babba namiji daga danginki, da guntun katakon a hannu. In ya ƙi ji, yawancin kasuwannin katako da kafintoci suna da ƙungiya da shugabanni, a kai musu maganar.

Sauran masu karatu kuma ku ba ni aron kunnenku, don wannan cutar ta yi yawa kuma na gaji da ganinta. Mafi yawan katakon da muke saya a Na'ibawa da Panteka da Dei-Dei daga dazuzzukan Kudu yake zuwa, inda iska take da laima kusan duk shekara. A sare bishiya, a tsaga ta, a loda a tirela, cikin 'yan kwanaki ta iso Arewa da ruwanta a jiki. Mai sayarwa yana son kuɗinsa su juya, kafinta yana son ya karɓi cikon kuɗi, mai aiki yana gaggawa, babu wanda ya yarda ya jira. Katako kuwa sai ya fitar da ruwansa, ko a rumfa ko a jikin kabad ɗinka. Idan yana bushewa ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba, shi ya sa ƙofar da ta rufu lif a watan Satumba za ka ga haske ta gefenta a watan Janairu. To balle cikin motar da aka rufe gilasanta a rana, inda zafi ya fi na kowane ɗaki.

Gane ɗanyen katako ba ya buƙatar ilimin boko. Ka sa a yanke ɗan guntu daga tsakiyar falankin, ba daga bakinsa ba, don baki shi ke fara bushewa. Ka taɓa wurin da zarto ya ci: in ka ji sanyi, ko ka ga tsakiyar ta fi gefe duhu, da ruwa. Ka damƙi garin katakon a tafin hannu, in ya dunƙule bai bushe ba. Ko ka ɗaure guntun a farar leda ka ajiye a rana, in ledar ta yi gumi ka sami amsarka. Akwai kuma 'yar na'urar auna laimar katako mai tsinke biyu, kuɗinta bai kai asarar ƙofa ɗaya ba. Wanda zai yi aikin mota, ya nemi katakon da na'urar ta nuna kashi 10 cikin ɗari ko ƙasa da haka. Abin da ya fi duka shi ne ka sayi katakon da kanka tun da wuri, ka jera shi a inuwa, ka sa ƙananan sanduna tsakanin kowane falanki da na samansa don iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a kai, ka bar shi ya sha hunturu. Melina ma sai an ƙara haƙuri da shi, yana da jinkirin bushewa ƙwarai, amma in ya bushe yana zama lafiya kuma ba shi da nauyi.

Haka jabu ya cika ɓangaren filawud. Kowane falle yanzu an buga masa tambarin marin, wato wanda ruwa ba ya ɓata shi. Tambari tawada ce kawai. Ka dubi gefen fallen ka ƙirga layukan da aka manna, ka ga ko akwai ramuka a tsakaninsu. Ka auna kaurin da kanka, don wanda aka ce milimita 18 ne sau da yawa bai kai ba. Sannan ka karɓi guntu ka jefa a tukunya ka tafasa shi awa biyu ko uku. Na gaskiya zai fito a manne, na ƙarya zai ɓare filla-filla. Duk mai sayarwar da ya hana ka guntun gwaji, ya riga ya gaya maka abin da yake sayarwa. Kuma ku daina jin kunyar sa wa a goge gefen falanki da samfefa a gabanku. Launin da aka shafa a sama yake tsayawa, goge biyu ya isa ya tona shi. Ku ne za ku biya, jin nauyin mai kaya ba zai gyara muku tsagaggen tebur ba.

Abin da nake ba da shawara ga yawancin mutane shi ne a yi jikin kabad da filawud mai kyau na milimita 12, a bar mai kauri don saman tebur da gado, a yi firam da busasshen melina ko afara. Obece ya fi su rashin nauyi, sai dai yana da laushi, ba ya riƙe sukuru sosai, ƙwari kuma suna son sa, dole a shafa masa magani. Madobiya kam ku ƙyale ta. An yi mata sara ba ƙaƙƙautawa a Taraba da Kogi don fitarwa zuwa Sin, har tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa. Ga nauyi, ga tsada, cikin mota bai buƙace ta ba.

Wasiƙa ta huɗu daga Amurka, wani ɗalibi da ya sayi tsohuwar bas ɗin 'yan makaranta, irin mai ruwan ɗorawa, yana so ya zauna a ciki don kuɗin haya ya yi masa yawa. Kafintocin can sun faɗa masa kuɗin da ya tsorata shi.

Ɗana, a can ladan hannu shi ne mai tsada, don haka ka raba aikin. Akwatunan kabad ka iya haɗa su da kanka in an yanka maka filawud a ma'auni, ka bar wa gwani ƙofofi da durowa kawai. Ka nemi wanda ya saba da aikin cikin jiragen ruwa ko motocin kwana, ba mai haɗa kicin na gida ba. Masu irin aikinka suna yabon filawud ɗin Baltic birch, mai zuwa ƙafa biyar da biyar, saboda layukansa da yawa kuma ba ramuka, amma ya yi tsada tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya taɓa cinikinsa, kuma yana da nauyi. Na poplar ya fi sauƙin nauyi. Ko wanne ka saya ka duba shaidar TSCA Title VI a jiki, ita ke nuna an taƙaita tururin gubar da gam ɗin ciki ke fitarwa, kuma kai a cikin ƙaramin wuri rufaffe za ka riƙa kwana. Kafin katako ɗaya ya shiga, ka ɗaye daɓen ka kashe tsatsa, ka toshe ramukan da bol ɗin kujeru suka bari, ka sa abin tare sanyi, in ba haka ba numfashinka kaɗai zai riƙa zama raɓa a bayan bangon ya ruɓar da katakon. Ka kuma je ofishin rajistar motoci na jiharka tun yanzu, domin jihohi da yawa ba sa barin mai zaman kansa ya ci gaba da wannan launin da fitilun tsayar da motoci, kuma inshora tana wuya in takardar motar ba ta canza ba.

Ta ƙarshe gajera ce: mai ita ya ce MDF da HDF, wato fallayen garin katako da aka matse da gam, sun fi araha kuma sun fi sheƙi, me zai hana?

Nauyi da ruwa za su hana. Falle ɗaya na MDF mai milimita 18, ƙafa huɗu da takwas, yana kai kilo 40. Falle goma ka loda wa motarka kwatankwacin buhun siminti takwas ke nan tun ba ka sa kaya ba. Ruwa na taɓa gefensa sai ya kumbura, ba ya komawa, sukuru kuma yana kwancewa a cikinsa da jijjiga. Ka bar shi a ɗaki. Kuma ko da wane katako ka yi, kowace ƙofa da durowa a sa mata sakata mai kamawa, maganaɗisu ba ya riƙe ƙofa a birkin gaggawa. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a raba su dama da hagu. Tukunyar gas a ɗaure ta tsaye cikin akwatinta mai huda a ƙasa da ke fita waje, don gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya in ya yi yoyo. In an gama komai, ka kai motar sikelin manyan motoci a auna ta da kayanta a ciki, ka gwada da lambar da ke jikin ƙarfen kamfani kafin ka ɗauki iyalinka.