Kada ka tsoma GP9 ɗinka a man birki

Malam, sannu da haƙuri. Tun kafin in buɗe hotunan da ka sa na san abin da zan gani. Ka fesa wa GP9 ɗinka, ƙaramin kwaikwayon injin jirgin ƙasa na roba a ma'aunin HO (kashi ɗaya cikin 87 na girman na gaske), fenti, ka manna sitikar ruwa, irin wadda ake jiƙawa a zame ta kan jiki, gefen harufan ya yi fari-fari yana ɗaukar ido, ka bi shi da banish marar sheƙi ko zai ɓoye, sai jikin gaba ɗaya ya yi hazo. Yanzu kana tambaya ko ka cire fentin duka ka sake, kuma da me za ka cire. Da na wuce abina, don akwai waɗanda suka fi ni hannu a nan, amma sai na ga amsar da aka ba ka a ƙasa, wai ka tsoma shi a man birki ya kwana. Don girman Allah kada ka yi. Ajiye kwalbar nan tukuna ka saurare ni.

Ni ma an taɓa ba ni wannan shawarar, kuma wani injina sukutum, samfurin SD40-2, ta ci mini. Na hannu na saye shi. Wanda ya riƙe shi kafin ni ya lafta masa fenti da burushi har ragar radiyeto ta toshe, ƙofofin gefen injin ma da ƙyar kake ganin layinsu. Ban damu ba, jikin nake so. Na zauna na kankare duk ƙarafan riƙon nan da ake zubowa tare da robar, ina bi da bakin wuƙa sannu a hankali don kar in taɓa kan ƙusoshin da ke gefensu. Da tsohon fentin a jiki na yi, don shi ke bar maka shaidar inda kowane yake. Sannan na huda ramukan da za a sa sabbin ƙarafan riƙo na waya, da siririn bakin diril lamba 80. Duk wanda ya taɓa riƙe lamba 80 a cikinmu ya san me nake faɗa: kaurinsa 0.0135 na inci ne, hannunka ya ɗan karkata kaɗan ka ji ƙas, ya tafi, wani lokaci ma guntun ya maƙale a cikin ramin. Na lanƙwasa wayoyin tagulla ɗaya bayan ɗaya, na jera su a kan tef yadda za su shiga. Makonni ina wannan aiki da daddare, idona har yaji yake yi. Abin da ya rage kawai a cire tsohon fenti.

Sai wani dattijo a ƙungiyarmu ta masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa, wanda kowa ke kai wa tambaya, ya ɗauki jikin ya jujjuya shi ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, in zuba man birki a roba mai murfi in nutsar da shi. Na tambaye shi, wallahi na tambaye shi, ko ba zai taɓa robar ba. Ya yi dariya ya ce tun kafin in san mene ne layin dogo yake cire fenti da shi, kuma in daɗe ban cire ba ya fi kyau. Babba ne, ban yi masa musu ba.

Da na ciro shi fentin ya saki kuwa, yana zamewa da burushin haƙori, har na ji daɗi. Na wanke da sabulu na ajiye ya bushe. Da na dawo na ɗaga shi a gaban fitila sai na ga wani siririn layi ya tashi daga ramin farko na tsanin baya, ya shiga na biyu, ya shiga na uku, ya bi duk ramukan da na huda har sama. Na ce ko gashin burushi ne. Na sa farce, sai gefen ya buɗe. Na riƙe ɗakin direba don in duba da kyau, matakalar gaba ta zauna a yatsuna. Ba matsawa na yi ba, riƙewa kawai. Kafin dare jikin ya tsattsage kamar taɓon da rana ta busar, duk inda ka taɓa sai ya ɓalle. Na gwada gam, na gwada liƙa siririyar roba ta ciki, ina gyara nan can yana buɗewa. Robar ce ta mutu. Wayoyin nan da na jera a tef har yau suna cikin akwati, ban da abin da zan sa su.

Kuma ba asarar ce ta fi ci mini rai ba. Da na kai masa gutsattsarin, mutumin nan ko sannu bai ce mini ba. Ya tambaye ni wai wane irin man birki na sa. Na nuna masa, irin wanda ya faɗa ne. Sai ya koma wai na bar shi ya daɗe. Shi da ya ce in daɗe! A gaban mutane ya juya maganar, har yana ba yara sababbin shiga labarina a matsayin misalin gaggawa, suna dariya. Daga baya wani ya raɗa mini cewa ba ni ne na farko ba, akwai wanda taragun fasinjansa suka tafi a haka, shi ma ya haɗiye don kunya. To ni ban haɗiye ba. Har yanzu muna gaisawa, amma ko burushi ba na karɓa daga hannunsa. Shi ya sa da na ga an rubuta maka wannan kalma jikina ya yi sanyi.

Ba na cewa ƙarya yake yi cewa ya taɓa yi ya tsira. Akwai robar da ke jurewa, musamman tsofaffin jikkuna masu kauri. Amma ba roba ɗaya ake zuba waɗannan abubuwa da ita ba. Wasu sitairin ne, wasu ABS, kuma da ido ba za ka bambance ba. Man birki yana ratsa duk wurin da robar take a takure tun daga zubi, ko inda aka huda, ko wajen ƙugiyoyin da ke riƙe jiki da ƙasan injin, ya sa ta yi gautsi. Mugun abin shi ne ba lallai ka gani nan take ba. Sai ka gama fenti, ka zo mayar da jikin ka ɗan buɗa gefensa, sannan ya tsage. Caca ce kawai, kuma da aikinka ake yin ta, ba da na mai ba da shawara ba.

Yanzu naka. Ni a ganina ba ka ma kai ga cire fenti ba. Hazon nan da ya rufe jikin, yawanci danshi ne. Idan ka fesa banish a lokacin da iska ke da laima, sinadarin da ke tsinka shi yana tashi da sauri ya sanyaya fuskar fentin, raɓa ta sauka ta maƙale a ciki. Haka kuma idan ka tsaya nesa da yawa, feshin ya bushe a iska kafin ya sauka, ko ba ka girgiza gwangwanin sosai ba garin da ke kashe sheƙin ya taru. Ka bar shi ya bushe sosai, ka jira ranar da iska ta bushe, ka fesa masa banish mai sheƙi, siriri amma jiƙaƙƙe, irin na gidan wanda ka sa da farko. Sau da yawa a gaban idonka hazon zai narke launin ya dawo. Fara da gefe ɗaya na dogon murfin injin ka gani. Kuma in tambaye ka, ko ka goge jikin da sifirit bayan ka fesa? Don idan banish marar sheƙin nan Dullcote ne ka sa, sifirit yana mayar da shi fari fat, sanannen abu ne, har wasu da gangan suke yi don su nuna fenti ya koɗe. Wani feshin Dullcote ɗin a kai yana mayar da shi yadda yake.

Farin gefen harufa kuwa iska ce a ƙarƙashin fatar sitikar, wato siririyar ledar da harufan ke kai. Fenti marar sheƙi kaushi gare shi ko da hannunka bai ji ba, fatar takan hau kan tudun ta bar iska a kwarin, haske ya bugi wurin. Banish a sama ba ya korar ta, rufe ta yake yi. Ka samu sabuwar allura ko sabon bakin wuƙa, ka tsattsaga wuraren da suka yi fari, ƙanana ƙanana, har ka ratsa banish ɗin da fatar. Ka ɗiga ruwan laushe sitika na Micro Sol, in ya ƙi ka koma Solvaset, ya fi ƙarfi. Zai yamutse, zai yi muni, za ka ji kamar ka sa hannu ka gyara. Kada ka taɓa! A wannan lokacin fatar ta yi laushi, ko gashin burushi yaga ta yake yi. Tafi ka bar shi, da kansa zai kwanta. Ka maimaita har ya ragu. Abin da ya ƙi, ka ɗauki burushi mafi siriri ka ɗiɗɗiga launin jikin a tsakanin harufan. A HO, abu ɗaya cikin 87, daga nisan da ake kallon jirgi a kan layi ba mai gani. A kan ƙofofin nan masu maƙalai da ragar iska ne ya fi wahala, nan sai ka yanka fatar a bin layin ƙofar.

Gaba kuma, sheƙi tukuna, sannan sitika, sannan wani sheƙin ya binne gefen fatar, marar sheƙi a ƙarshe. Ka kuma rage fatar da almakashi har kusa da harafi kafin ka jiƙa. Na ga kamar gilasan ɗakin direba suna jiki lokacin da ka fesa, don su ma sun yi dishi-dishi. Waɗannan sai dai ka ciro su ka shafa musu mai sheƙi da burushi. In za ka mayar kada ka kusanto da sufa gulu, tururinsa fari yake bari a gilashi. Farin gam ya isa.

In duk ka yi wannan bai yi ba, ka ga lallai sai an cire, to sifirit na aisofirofil mai kashi 91. Mai kashi 70 ɓata lokaci ne. Ka cire gilasai, fitilu, da dogaran gefe. Ka fara ɗiga shi a cikin jikin inda ba a gani ka ga yadda robar za ta yi. Ka tsoma na ɗan lokaci, ka ciro ka goga da burushin haƙori, ka mayar, kana tsaye a kansa. Ba a kwana, ko da sifirit ne, don shi ma akwai robar da ba ta son daɗewa a ciki. Fentinka sabo ne, in na ruwa ne ma ba zai yi gardama ba. Bayan nan wanka da sabulun wanke-wanke, kuma daga nan kada yatsa ya sake taɓa shi sai da safar hannu, maiƙon hannu shi ke sa fenti ya ƙi zama. Dogaran gefen nan kuwa robarsu daban ce, mai santsi, irin Delrin, fenti ba ya kama ta, kana lanƙwasawa yana ɓarewa. Ni abin fesawa da masu fentin mota ke sa wa bamba ta roba kafin fenti nake fara sa musu. Wannan ma dattijon nan cewa ya yi ba a buƙata. Ka ga irin mutumin.

Wani abu kuma, kafin ka wahalar da kanka. Kamfanin EMD na Amurka ya fara ƙera GP9 na gaske a 1954. Idan shekarun 1970 kake kwaikwayo, injin nan ya shekara ashirin yana shan rana da hayaƙi, da yawansu a ƙananan layuka da filin jera taragu suke, ba mai wanke su. Je ka duba hotunan na gaske, fentinsu ya koɗe ya yi toka-toka. Wato ɗan hazon da ya rage bayan gyara ba abin kuka ba ne. Ka sa baƙin hayaƙi a rufi kewaye da bututun hayaƙin, ka tsinka fentin mai ruwan ƙasa mai duhu ya gangara cikin ragar da layin ƙofofi, ƙura a ƙafafu da tankin mai, ɗan malalar mai a bakin tankin. Sai dai ka sani garin alli mai launi da ake yin ƙurar da shi yana ɓacewa in ka fesa banish a kai, kusan rabinsa ko fiye, don haka shi ne na ƙarshe, ka bar shi ba rufi ka rage ɗaukarsa da hannu.

Na kuma hango tarago mai rufi a bayan injin a hoto na biyu, da matakin tafiya a samansa. Daga 1966 aka daina sa wa sababbin taragu wannan a Amurka, tsofaffin kuma aka riƙa cire musu a hankali, to ka duba shekarar ƙira da ke rubuce a gefensa ta dace. Kuma ka auna nauyinsa, don irin waɗannan sukan zo ba nauyi, su ne ke sauka daga layi a kwana a ɗora wa injin laifi. Ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, a HO oza ɗaya ce, da ƙarin rabin oza a kan kowane inci na tsawon ƙaramin taragon, wato kwaikwayon tarago mai ƙafa 40 ya kusa oza 4. Na san ba wannan ka tambaya ba.

Ka faɗa mana fentin da ka sa, na ruwa ne ko na tina, da banish ɗin, da tsawon lokacin da ka bari tsakaninsu, don in fentin mai ne kuma yana wari har yanzu to bai gama bushewa ba, kada ka ɗora masa komai. Ka ɗauko hoton dogon murfin daga gefe, fitila na haskawa a karkace, in ga ko hazon a sama yake ko ya ci fentin.