Ina zan sayi kyamara ba tare da an cuce ni ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in fara sana'ar ɗaukar hoton biki da suna, kuma na tara 'yan kuɗina don sayen kyamara. Wasu sun ce in tafi Legas, wasu sun ce in yi oda ta intanet. Ina ne amintaccen wurin saye? Daga wani matashi a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a sana'ar, ɗan'uwa.

Wuraren dai sanannu ne: Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba a Legas, Banex Plaza a Abuja, sai shagunan titin Beirut a Kano, wanda ya fi maka kusa. Sai dai a kowace kasuwa akwai na kirki akwai na banza, don haka shago za ka tantance. Shagon da zan amince da shi shi ne mai mazauni tsayayye, wanda zai bar ka ka gwada kaya a gabansa, ya kuma rubuta maka rasit ɗauke da lambar da ke ƙasan kyamarar. Lambar nan ta zo daidai da ta jikin kwali da ta takardar garanti. Wanda ya ce "ai sabuwa ce dal, ba sai an buɗe ba", yi masa sallama.

Ba kasafai ake yin jabun kyamarar Canon ko Nikon ko Sony ita kanta ba. Inda ake cin mutane shi ne batir da caja da katin memori, sai kuma tsohuwa da aka goge aka mayar kwali a matsayin sabuwa. Akwai kuma sabuwa ta gaskiya da aka shigo da ita daga Dubai ko Amurka, amma garantinta na can ne, ba lallai ya yi aiki a Najeriya ba. Tambayi mai shago kai tsaye: idan ta lalace cikin wata uku, wa zai gyara?

Ina kyautata zaton tokumbo za ka saya, kamar yawancin masu farawa, kuma ba laifi ba ne. Nan ne aikin yake. Kowace kyamara tana ƙirga sau nawa aka ɗauki hoto da ita. Ƙananan samfura an ƙera su su jure ɗauka wajen 100,000, manya irin Canon 5D Mark III kuwa 150,000. Nikon tana ajiye adadin a cikin bayanan hoton, Canon galibi sai an haɗa ta da kwamfuta. Mai hoton biki yana ƙona ɗaruruwa a yini ɗaya, saboda haka wadda ta kusa cika adadinta ba ta dace da kai ba, komai ƙyallinta.

Cire gilashin gaba, wato lens, ka haska shi da tocilan waya. Idan ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, kuma ta fi kama kayan da suka daɗe a wuri mai laima irin Legas. Sannan ka mayar da gilashin, ka sa kyamarar a f/16, wato ka ƙuntata ƙofar shigar haske, ka ɗauki farin bango. Ɗigo-ɗigon ƙura ana sharewa, mu da muke fama da hunturu mun saba, amma layi ko karce a hoton aibi ne mai tsadar gyara.

Game da intanet, a Jumia da Konga 'yan kasuwa daban-daban ne ke sa kayansu, sai ka duba wane ne mai sayarwar da ƙa'idar mayar da kaya. Jiji kuwa dandalin talla ne kawai. Kada ka tura ko sisi kafin kyamara ta shiga hannunka. Haka ma masu talla a Instagram da ke neman kafin alƙalami.

Ranar saye, tafi da katin memorinka da wani mai hoto da ya daɗe a sana'ar, ko da za ka biya masa kuɗin mota zuwa Kano. Ka kuma ware kuɗin batir na biyu, domin guda ɗaya da wuya ya kai ka ƙarshen dina.