Amsa ga Ƙanena Mai Son Zuwa Mbale

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma ba kai kaɗai ba ne ka aiko mini da irinsa a bana. Ka ce ka ga hotunan ruwan Sipi mai zubowa daga kan dutse da wasu ɗalibai suka sa a Facebook, ranka ya biya, kana son ka zo Mbale ka yi mako biyu ka zaga gari, in ya yi maka sai ka nemi gurbin digiri na biyu a Jami'ar Musulunci ta Yuganda. Niyyar zuwa ka gani da idonka kafin ka zuba kuɗin mahaifinka niyya ce mai kyau, kuma ita ce ta sa na zauna na rubuta maka wannan amsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsarin da ka yi wa ziyarar, domin ka sa dutse da ruwa a gaba, ka bar abubuwan da za su ci maka tuwo a ƙwarya a baya.

Jami'ar tana da tarihin da ya shafe mu. A taron shugabannin ƙasashen Musulmi da aka yi a Lahore a 1974 aka yanke shawarar gina jami'o'i biyu a Afirka, ɗaya ita ce ta garin Say a Nijar, ɗayar kuma wannan da aka buɗe a Mbale a 1988. Tana da rassa a Kampala da Arua, da kuma reshen mata a Kabojja, saboda haka ka fara tabbatar da reshen da ake koyar da fannin da kake so, kada ka zo Mbale alhali karatunka yana Kampala. 'Yan Arewa suna da yawa a nan, za ka ji Hausa a masallaci da kasuwa, amma yawansu ba ya biyan kuɗin makarantar kowa.

Maganar kuɗi ce ta fi ƙona mini rai, don haka zan daɗe a kanta. Ɗalibin da ya zo daga waje da dala ake yi masa lissafi, abinci da haya da shilin na Yuganda, iyayensa kuwa naira suke samu. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, amma kafin watannin farko na 2024 ta haura 1,500. Na ga samari 'ya'yan mutunci, waɗanda iyayensu suka sayar da gona suka turo su, sun koma cin abinci sau ɗaya a yini, suna ɓoye wa gida saboda kunya. Ni kaina a wancan lokacin sai da na riƙa koyar da yara karatun Alƙur'ani bayan magariba kafin na iya biyan haya, kuma a daidai lokacin ne wasu a gida suke cewa na samu duniya na manta da dangi. Wannan magana har yau tana yi mini ciwo. Alhamdu lillahi na kammala ba tare da bashin kowa a kaina ba, na samu aikin koyarwa da takardun izinina cikakku, kuma ba na jin nauyin faɗin cewa da gumina na same shi. Amma ba zan so ka bi hanyar da na bi ba. In mahaifinka ba zai iya ajiye kuɗin shekara guda cif da dala ba kafin ka taso, to ka dakata.

Kada kuma ka ba wani dillali ko sisi. Wani ɗan ƙasarmu, mai magana da ayoyi da hadisai, ya karɓi kuɗin ɗaki a hannuna kafin na iso, na zo na tarar ɗakin da mai shi a ciki. Ofishin ɗaukar ɗalibai a buɗe yake, ka shiga da ƙafarka, ka nemi jadawalin kuɗi a rubuce, ka tambaya ko Hukumar Ilimi Mai Zurfi ta Yuganda ta amince da kwas ɗin kuma amincewar ba ta ƙare ba. Tun da gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a farkon 2024, ido ya dawo kan duk takardar da ta fito daga waje, saboda haka ka je Ma'aikatar Ilimi a Abuja ka ji ta bakinsu. Bizar yawon buɗe ido da za ka cika ta intanet ta ziyara ce kawai, zaman karatu sai da takardar izinin ɗalibi. Katin rigakafin shawara kuwa kada ka baro gida ba shi.

Daga filin jirgin Entebbe za ka shiga Kampala, sannan ka hau bas zuwa gabas, tafiyar da ta haura kilomita 200, ta dajin Mabira da gadar Jinja, inda Kogin Nilu yake fita daga Tafkin Biktoriya. Ka yi tafiyar da rana. A hannun hagu ake tuƙi a nan, kuma 'yan acaɓarsu, da ake kira bodaboda, sun kwantar da ɗalibai da dama a asibiti, musamman sababbin zuwa da suke duba ɓarin da ba shi ba kafin su tsallaka titi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwan sama. Mutumin da ya tashi a Kano ya san damina ɗaya da rani mai tsawo, amma a gindin Dutsen Elgon wata da yawa a shekara ruwa ake yi, wanki ba ya bushewa, littattafai suna fumfuna, sauro kuma ba ya hutu. Dutsen Wanale da yake tsaye a kan garin yana da kyan gani ƙwarai, sai dai daga can ruwan yake gangarowa. A watan Yulin 2022 kogunan Nabuyonga da Namatala suka yi ambaliya cikin dare, mutane da dama suka rasu a cikin garin, kuma a 2010 zaftarewar ƙasa a Bududa, kusa da nan, ta binne ɗaruruwan mutane. Idan ka je duba ɗakin haya, ka dubi alamar ruwa a jikin bango kafin ka tambayi farashi, kuma duk arhar gidan da ke bakin rafi ka bar musu. Abinci ma ka gwada shi da gaske a makonni biyun nan: tuwon masara da wake kusan kullum, ayabar dafawa da suke kira matoke da miyar gyaɗa, da malewa, wato tohon gora da aka ƙyafe, abin alfaharin Bagisu, ƙabilar wannan yanki. Ba su cika sa yaji ba, kuma wuraren sayar da naman alade suna da yawa, sai ka tambaya kafin ka zauna.

Yanzu sai wuraren da ka tambaya. Sipi tana gundumar Kapchorwa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota, kuma ruwan yana zubowa ne a wurare uku, mafi tsawonsu ya kai kusan mita 100. Ba zan rage mata komai ba, wuri ne da yake sa mutum yin tasbihi, ga gonakin gahawa a kewaye inda manoma za su nuna maka yadda ake sarrafa ta tun daga itace har kofi. Ka ɗauki ɗan jagora daga cikin mutanen wurin, ku daidaita kuɗi tun kafin ku fara tafiya, ka sa takalmi mai riƙe ƙasa, domin hanyar santsi gare ta. Hawa Wagagai, ƙololuwar Dutsen Elgon, mai tsawon mita 4,321, aikin kwanaki ne cikin sanyi mai tsanani, kuma kuɗin shiga da baƙo yake biya ya fi na 'yan Gabashin Afirka, don haka ba na wannan zuwan ba ne. Zanen mutanen dā a duwatsun Nyero, kusa da Kumi, yini ɗaya ya isa.

In zuwanka ya faɗo a shekarar da lambarta take rabuwa biyu daidai, daga watan Agusta za ka haɗu da imbalu, bikin kaciyar samarin Bagisu da ake buɗewa a Mutoto, kusa da Mbale. Za ka ga ayari da ganguna sun cika titi, saurayin da ya kai munzali yana rawa kafin a yi masa kaciya a tsaye a bainar jama'a, ba a yarda ko ya motsa ba. Ba al'adarmu ba ce, amma garinsu ne, ka kauce musu hanya, kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto ba izini, kada kuma ka yi dariya.

In za ka zo, ka zaɓi tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ruwa yake sauƙi. Zan ba ka masauki da abinci a gidana, amma kuɗin mota da na yawo daga aljihunka za su fito. Makon farko na ofishin jami'a ne da neman ɗaki da zama da ɗaliban da suka shekara biyu a nan, Sipi kuma sai mako na biyu. Ka nuna wa Baba wannan takarda, shi da kansa ya kira ni kafin ka sayi tikiti.