Tambaya da Amsa: Ina sukarin da ke cikin tuwo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Likita ya ce maigidana yana da ciwon sukari, ya rage tuwon zafi da fufu da burodi. Ni dai ban taɓa zuba sukari a tuwo ba, kuma babu zaƙi a cikinsa. To ina sukarin yake?
Wata uwargida, Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya. Sukarin yana cikin masarar tun daga gona. A ɗaure yake, shi ya sa harshe ba ya jin sa.

Ganyen masara da na rogo suna haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid cikin hasken rana, su samar da ƙaramin sukari mai suna gulukos. Tsiron sai ya riƙa haɗa guda da guda, kamar ana zura 'ya'yan carbi a zare, kuma a duk haɗuwar biyu ƙwayar ruwa ɗaya ce ke fita. Gulukos biyu su ne maltos. Gulukos ɗaya da furuktos (sukarin 'ya'yan itace) ɗaya su ne sukarin da ake zubawa a koko. In jerin gulukos ya kai ɗaruruwa zuwa dubbai, ya zama sitaci, zaƙi kuma ya ɓuya. Sitacin ma iri biyu ne a gauraye: amilos, mai jeri miƙaƙƙe, da amilofektin, mai rassa, wanda a yawancin abinci shi ne kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari.

Lokacin sabuwar masara, ki sayi ɗanya a kasuwa ki matse ƙwaya ɗaya da farce. Farin ruwa mai zaƙi-zaƙi zai fito. Ginin ne bai ƙare ba. Da ta ƙosa ta bushe aka kai injin niƙa, duk an ɗaure shi.

Jikinmu kuwa kwancewa yake yi. A cikin yawu akwai sinadarin amilas, mai kwance sitaci. Ki tauna lomar shinkafa marar miya, ki daɗe ba ki haɗiye ba, za ki ji zaƙi ya soma fitowa. Ƙaramin hanji ne ke ƙarasa aikin, gulukos ya shiga jini. A jikin mai lafiya wani sinadari mai suna insulin na taimaka wa hanta da tsoka su sake ɗaure rarar, ta zama gilaikojin, wato sukarin ajiya na jiki, wanda Claude Bernard na Faransa ya gano a 1857. A nan ne jikin maigida ke gazawa, sai sukarin ya taru a jini.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne selulos, wato harzar da ke cikin ganye da ɓawon wake. Shi ma da gulukos aka gina shi, amma ɗaurinsa dabam ne, hanjinmu ba ya iya kwance shi, kuma yana rage saurin shigar sukari cikin jini.

Saboda haka, Hajiya, kada ki hana shi tuwo gaba ɗaya. Ki rage malmalar, ki yawaita miyar ayoyo ko ta kuɓewa, ki haɗa masa da wake da kifi. Ya ci gaba da shan maganinsa, kuma ki nemi likita ya nuna miki girman malmalar da ta dace da shi.