Amsa ga ƙanena da ya gaji da fitowa a maigadi

Salam. Na ga tambayarka tun jiya da dare, ka ce shekararka huɗu kana wasa amma kullum rol ɗin maigadi ko ɗan sanda ko kawun yarinya ake ba ka, ba a taɓa sa ka jarumi ba, wai ka haƙura ne ko ka nemi wata sana'a. Bari in ɗan ja ka da nisa domin ni a irin wannan rol ɗin na yi furfura, daga dandamali na fara, na shiga fim, yanzu kuma a masu dogon zango na talabijin nake cin abinci.

Kuskurenka na farko ka ɗauka benci aka ajiye ka kana jiran layin zama jarumi. A'a wallahi, wannan sana'a ce mai zaman kanta. Jarumi fuskarsa ake saye, ranar da tumbi ya fito ko gashi ya fara zubewa sai ka ga an ɗauko wani yaro sabon jini, kai kuwa tsufan ma jari ne, yau kana kawu gobe kana uba jibi kana kaka, duk labari yana buƙatarka. Jarumai nawa na yi wa uba waɗanda yanzu ko a fosta ba ka ganinsu.

Duba Amrish Puri, bos ɗin nan na finafinan Indiya mai zare ido. Yana saurayi ya je gwajin kyamara aka ce bai yi ba, ya koma aikin ofis a hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, da yamma yana wasan dandamali, haka ya yi shekaru. Sai da ya doshi 40 sannan ya fara fitowa a fim, kuma kafin ya mutu a 2005 ya yi sama da 400. Darakta Steven Spielberg ya ɗauke shi mugun boka a fim ɗin Indiana Jones da ya fito a 1984, a nan ya aske kansa ƙwal. Haka J.K. Simmons na Amurka, editan jaridar nan mai masifa a finafinan Spider-Man, ya daɗe a dandamali, ya yi talabijin, bai karɓi lambar yabon fim ta Oscar ba sai 2015 yana da shekara 60, shi ma a ɓangaren mai taimaka wa jarumi. Ko marigayi Kasimu Yero, Allah ya jiƙansa, ai waɗanda ba su jin Hausa da Uncle Gaga suka san shi a NTA.

To amma abin da nake so ka riƙe, wuraren nan uku, dandamali da fim da talabijin, ba iri ɗaya ake wasa a cikinsu ba, kuma wanda bai gane haka ba shi ne ke mutuwa a maigadi. A dandamali mutumin da ke kujerar ƙarshe kake wa magana, murya daga ciki take fitowa, hannu da kafaɗa duk suna aiki, ba kot ba a sake, in ka manta layinka sai abokin wasanka ya cece ka ko ka ceci kanka. Amma kana jin numfashin 'yan kallo, in sun yi dariya ka jira ta lafa kafin ka jefa ta gaba. Wannan jiran babu makarantar da ta koya min shi sai dandamali.

Ranar da na fara tsayawa gaban kyamara kuwa kunya na sha. Fitowa ɗaya ce, in buɗe ƙofa in ce maigida ba ya nan. Ana cewa akshin na ɗaga murya irin yadda na saba, na ga mai ɗaukar sauti ya fizge abin kunnensa ya jefar yana harara ta. Darakta ya ja ni gefe ya ce malam kyamara ba kurma ba ce, kuma ga ta a hancinka, ka yi tunanin abin kawai ita za ta gani. Sau bakwai muka sake. A hoton kusa ɗaga gira ɗaya ya kai ihu, na yi wata biyu ina koyon tsayawa ban motsa ba, abin da ya fi ba ni wahala kenan a duk rayuwata ta wasa. Ga kuma ba a bin labari a jere, lokeshan ake bi, da safe ka yi kukan mutuwar ɗanka bayan azahar ku zauna da shi kuna dariya, kuma dole ka tuna sandar da ka riƙe a hannun dama take ko hagu, in ba haka ba mai kontiniti, wato mai lura kada fitowa ta saɓa da ta baya, ya taso ka a gaba. Akwai fim ɗin da na kwana uku ina wahala, da ya fito na tara iyalina mu kalla, ashe wajen editin an yanke ni kaf sai ƙeyata da ta wuce sau ɗaya. Har yau yarana suna min tsiya da ita.

Talabijin shi sauri ne, sikirif na iya zuwa maka da daddare a ɗauka da safe, rihazal ɗan kaɗan ko ma babu. Daɗinsa aiki ne mai ɗorewa, kuma marubuta suna kallo, in ka sa wa ɗan rol ɗinka rai sai ka ga sizin na gaba an ƙara masa mata da matsala. Illarsa sunan ya manne maka, na taɓa fitowa a mugun siriki, wata dattijuwa ta tare ni a hanya ta ce in ji tsoron Allah in bar yarinyar nan ta sarara, da gaske take har idonta ya kawo ruwa. Daga nan shekara biyu duk wanda ya kira ni mugu yake nema, sai da na ƙi karɓar wasu da gangan, aljihu ya ji jiki, kafin aka tuna ina iya ban dariya.

Don haka in an sake ba ka maigadi kar ka tsaya ƙirga layi nawa gare ka. Ka je ka zauna da maigadi na gaske yini guda, ka ga yadda yake tashi in ya ji hon ɗin maigida da yadda yake jan ƙafa in na baƙo ne, ka ɗauki abu ɗaya tak ka kai gaban kyamara, ɗaya fa, in ka kwaso biyar ka zama mai neman suna kuma editan zai rage maka su. Ka iso lokeshan kafin lokaci da layinka a ka, furodusoshi suna faɗa wa juna wanda ba ya ɓata musu rana, rabin aikin da na samu ta haka ya zo. Sannan in akwai ƙungiyar dirama kusa da kai ka shiga ko ba a biya, ni har yanzu duk shekara sai na hau dandamali ko sau ɗaya ne, kuma har yanzu sai cikina ya ɗuri ruwa kafin a buɗe labule.