Bokitin ƙarfe da ƙwan atemiya

Ka ce mini, "Oga, na ji wai akwai ƙananan halittun teku da suka saba da ruwan da gubar jan ƙarfe ta cika. To me zai hana atemiyarmu ta saba da bokitin ƙarfe?" Jawo kujera, ɗana, mu yi maganar atemiyar nan, ƙananan dangin jatan lande na ruwan gishiri da muke ƙyanƙyashe wa 'ya'yan tarwada su ci.

Abin da ka ji gaskiya ne. A Konwal ta Ingila akwai wani mashigin ruwa, Restronguet, inda ruwan ramukan haƙar jan ƙarfe da kuza ya fi shekara 200 yana gangarowa. A taɓon wurin akwai wata tsutsar teku, Nereis, ta haƙa raminta tana zaune abinta. Irinsu kan dunƙule ƙarfen ya zama tsakuwa mitsi-mitsi a cikin jikinsu, kuma jikin halittu yana yin wani furotin, metalotiyonin, mai damƙe ƙarfe kafin ya yi ɓarna. Sai dai sabon nan da rayuka aka biya shi. Masu rauni suka yi ta mutuwa, masu juriya suka haifi irinsu, zuriya bayan zuriya. Waɗansu halittun ma ba su iya ba sam, ko ka tona taɓon ba ka ganinsu.

Mu kuwa awa 24 gare mu. Ƙwai ya fito daga gwangwani, ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan tarwada su cinye. Ina zuriya ta biyu da za ta saba?

Kuma a daidai lokacin da ya fi rauni muke riƙe da shi. Ka tuna jiya da na ɗaga maka kwalba a hasken taga, ka ga ɓawo ya tsage, ɗan yana reto a ƙarƙashinsa kamar mai riƙe da lema? Nan jan ƙarfe da tutiya suke tare shi, ko da kaɗan ne. Ruwan gishiri kuwa cin tutiyar da aka shafe bokitin da ita yake yi, ga iskar da muke hurawa cikin ruwan tana ta motsa shi dare da rana. Na taɓa asarar ƙyanƙyasa guda ta haka, ina ji ina gani kifi suka kwana da yunwa, har yau abin yana damuna.

Ɗauko gorar roba, ka yanke gindinta, ka kifa ta. Gishiri giram 25 zuwa 30 a lita ɗaya, ɗumin ruwa wajen digiri 28, ka kunna iska da fitila. Gobe war haka kashe iskar, ka haska tocila a gefe ɗaya, ka zo ka faɗa mini yawan 'ya'yan atemiya ja-ja da suka taru.