Amsoshin Tambayoyinku: Shirin Tafiya Tsibiran Maldives

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina muna shirin zuwa hutu ƙasar Maldives, domin an ce mana ƙasar Musulmi ce zalla, amma hotunan da nake gani na masu yawon shaƙatawa sun sa ni kokwanto. Ina neman bayani game da ƙasar, da lokacin da ya dace a je, da takardun da ake buƙata. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wanda ya ba ka labari gaskiya ya faɗa, hotunan ma ba su yi ƙarya ba, kuma fahimtar yadda abubuwan biyu suka haɗu a ƙasa guda ita ce za ta nuna maka inda ya kamata ku sauka.

Maldives tarin ƙananan tsibirai ne kusan 1,200 a tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka, kuma ƙasa da 200 daga cikinsu ne 'yan ƙasar ke zaune a kai. Sarkinsu ya karɓi Musulunci a shekarar 1153, sun sami 'yancin kai daga Birtaniya a 1965, kuma tsarin mulkinsu na 2008 ya tanadi cewa sai Musulmi ne zai zama ɗan ƙasa. Ibn Battuta, shahararren matafiyin nan ɗan Maroko wanda daga baya ya ratsa Takedda da ke Nijar ta yau, ya yi alƙalanci a Maldives wajajen 1343, ya kuma ce ya same su a kan mazhabar Malikiyya. A yau Shafi'iyya suke bi, saboda haka kada ka yi mamaki idan ka ji liman ya bayyana bisimilla kafin Fatiha.

An fara harkar yawon buɗe ido a 1972, daga baya kuma gwamnati ta raba baƙi da 'yan ƙasa: kowane babban otal yana da tsibirinsa shi kaɗai, inda ba kowa sai baƙi da ma'aikata. A waɗannan tsibirai ana sayar da giya, baƙi kuma suna sa tufafin da suka ga dama, kuma daga nan ne hotunan da ka gani suka fito. A tsibiran da jama'a ke zaune kuwa giya haramun ce a doka, ana kiran salla sau biyar, shaguna da yawa suna rufewa na ɗan lokaci idan an kira, hutun mako kuma Juma'a da Asabar ne. Tun daga 2009 aka ba mutanen waɗannan tsibirai izinin buɗe masaukan baƙi, kuma tsibirin Maafushi na cikin waɗanda suka yi suna a kan haka. A ganina, magidancin da ke tafe da iyalinsa, yana kuma son ya sami jam'i a masallaci, irin wannan masauki ya fi dacewa da shi, ga shi kuɗinsa bai kama ƙafar na manyan otal ba. A can ne kuma za a kawo muku karin kumallon 'yan ƙasa, mas huni, wato dagargajajjen kifin tuna da aka cuɗa da gogaggiyar kwakwa da albasa da barkono, ana ci da wata siririyar gurasa mai suna roshi. Idan kun shiga Male, babban birnin, ku ziyarci tsohon masallacin Juma'a da aka gina da duwatsun murjani a 1658.

Game da lokaci, daga Disamba zuwa Afrilu ne rani, teku a kwance, farashi kuma a sama. Daga Mayu zuwa Nuwamba akwai ruwan sama da iska, masaukai suna yin sauƙi.

Biza ta kwana 30 a filin jirgi ake bugawa kyauta, muddin akwai fasfo mai sauran wa'adi, da tikitin komawa, da shaidar kama masauki. Mai zuwa daga Najeriya sai ya riƙe katin rigakafin cutar shawara, ya kuma cike fom ɗin bayanan matafiyi mai suna IMUGA ta intanet cikin awa 96 kafin isarsa. Galibi ta Doha ko Dubai ake bi, agogon Maldives kuma yana gaban na Najeriya da awa 4.

Abin da ya fi ba matafiya matsala shi ne hanyar da za ta kai su daga Velana, babban filin jirgin ƙasar da ke kusa da Male, zuwa tsibirin da suka kama masauki. Ƙananan jiragen sama masu sauka a kan ruwa da rana kawai suke tashi, kuɗinsu kuma yana da yawa, jiragen ruwan haya na gwamnati masu araha kuwa yawancinsu ba sa aiki ranar Juma'a. Saboda haka kafin ka biya kuɗin ɗaki, ka nemi mai masaukin ya rubuto maka yadda za a ɗauko ku da nawa ne, ya kuma faɗi ko farashin ya haɗa da haraji da kuɗin hidima, domin sau da yawa daga baya ake ɗora su.